Salmanul Farisi da Amanar Dukiyar Coci

Masu sauraro, birnin Madina yana zaune ne tsakanin wasu filaye biyu na baƙin dutse, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Duwatsun nan aman wuta ne da ƙasa ta yi tun zamanin da, ya kwarara ya daskare, ya zama tsakuwa mai kaifi wadda doki ba ya iya sukuwa a kanta, raƙumi ma sai da lallaɓawa. Irin wannan fili shi Larabawa ke kira harra. Ta yamma ana ce mata Harrar Wabara, ta gabas kuwa Harrar Waƙim, watau Harra ta Gabas. A nan ne aka gwabza mummunan yaƙin nan na shekara ta 683 tsakanin mutanen Madina da rundunar Yazidu ɗan Mu'awiya, kuma a shekara ta 1256 wuta ta sake ɓullowa daga ƙasa a kudu maso gabashin birnin, har mutane suka ɗauka ƙarshen duniya ne ya zo. Yanzu dai gidaje da tituna sun cinye yawancin wurin.

To, mai sauraro zai iya tambaya, me ya haɗa wannan wuri da zancen sadaka da riƙon dukiya a cikin addinin Kirista, alhali kuwa ba a san Madina da coci ba? Abin da ya haɗa su mutum guda ne. A gefen wannan harra, wajen kudu maso gabas inda Yahudawan Banu Ƙuraiza suke da gonakin dabino, akwai wani bawa Bafarishe wanda ya shafe shekaru masu yawa yana yi wa malaman Kirista hidima a Sham da Iraƙi da ƙasar Rum kafin ƙaddara ta jefo shi Hijaz. Shi ne Salmanul Farisi. Labarin da ya bayar da bakinsa, wanda Ibn Ishaƙ, da ya rasu wajen shekara ta 767, ya rubuta a cikin littafinsa na tarihin Annabi, Imamu Ahmad ɗan Hambali kuma ya kawo shi a Musnadinsa, yana cikin shaidu mafi ban mamaki da muke da su game da yadda kuɗin coci ke gyara shugaba ko ya lalata shi.

Salmanu ɗan wani mai gari ne a ƙauyen Jayyi, kusa da Isfahan. Bamajushe ne, har ya kai matsayin mai kula da wutar da suke bauta wa, ba ya barin ta ta mutu. Wata rana ubansa ya aike shi gona, a hanya ya wuce wata majami'a ta Kirista, ya ji muryoyinsu suna addu'a, ya shiga ya tsaya har rana ta faɗi. Uban ya ji tsoro ya sa masa mari a ƙafa. Amma ya sami hanya ya kwance, ya bi ayarin fatake zuwa Sham, da isarsa kuwa ya tambaya wane ne mafi sani a wannan addini. Aka nuna masa bishof, watau babban limamin cocin garin. Ya roƙe shi ya bar shi ya zauna tare da shi yana yi masa hidima yana koyo, bishof ya yarda.

A nan ne saurayin ya ga abin da bai zata ba. Bishof ɗin nan yakan tsaya gaban jama'a ya umurce su da sadaka, ya kwaɗaita musu ladanta, su kuwa su kawo. Amma maimakon ya raba wa matalauta sai ya ɓoye wa kansa, har ya cika tuluna bakwai da zinariya da azurfa. Salmanu ya ce ya ƙi jinin mutumin nan ƙwarai saboda abin da ya gani. Bai iya cewa komai ba sai da bishof ya mutu, jama'a suka taru za su binne shi, sa'an nan ya buɗe baki. Suka ce ina shaidarka? Ya kai su inda tulunan suke. Da suka gan su cike, sai suka rantse ba za su binne shi ba, suka gicciye gawar suka yi ta jifan ta da duwatsu. Sa'an nan suka naɗa wani a gurbinsa, kuma game da wannan na biyu Salmanu ya ce bai taɓa ganin mai gudun duniya da yawan ibada dare da rana kamarsa ba a cikin mutanen wannan addini. Ya zauna da shi har ya rasu.

Labarin bai ambaci sunan bishof ko sunan garin ba, kuma masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan wasu sassan rayuwar Salmanu. Amma duk wanda ya san tarihin cocin Gabas zai ga cewa wannan sashen bai saɓa wa abin da Kiristan kansu suka rubuta ba. Hasali ma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna fama da wannan matsala, suna kafa mata dokoki. Don mu gane haka sai mun koma baya mun ga yadda aka yi coci ya zama mai dukiya tun farko.

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa mabiyan Annabi Isa na farko a birnin Ƙudus sukan sayar da gonaki da gidaje su kawo kuɗin gaban manzanni don a raba wa mabukata. An ambaci Barnaba, mutumin tsibirin Kubrus, wanda ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin duka. An kuma ambaci Hananiya da matarsa Safiratu waɗanda suka rage wani abu suka nuna kamar duka suka kawo, suka faɗi matattu. Ba a daɗe ba gunaguni ya tashi, masu jin harshen Girka suka ce ana tauye gwaurayen matansu a rabon abinci, dole aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin rabo. Watau ƙorafi a kan rabon sadaka ya girmi ginin coci kansa. Shi ma Bulus, lokacin da yake tara gudummawa daga Kiristan ƙasar Girka domin matalautan Ƙudus, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya nemi kowace jama'a ta zaɓi wakilanta su raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi.

Wajen shekara ta 150 wani malami mai suna Yustinus ya bayyana yadda ake yi a birnin Rum: ran Lahadi bayan addu'a masu hali su ba da abin da suka ga dama, a ajiye wurin shugaban jama'a, shi kuma ya kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Wajen shekara ta 197 Tartuliyanus na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya yi maganar wani akwati da kowa ke jefa ɗan abin da ya samu sau ɗaya a wata, ba tilas. A shekara ta 251 bishof ɗin Rum, Karniliyus, ya rubuta cewa cocinsa na ciyar da gwauraye da masu ƙunci fiye da 1,500. Ku lura, a duk wannan tsari kuɗin hannun mutum guda yake shiga. Muddin jama'a ƙanana ce, ana kuma tsananta mata, kowa ya san kowa, abin bai cika ɓaci ba.

Sauyi ya zo ne da Sarki Kustantin. A shekara ta 321 ya kafa dokar da ta ba kowa damar bar wa coci wasiyyar dukiyarsa. Daga nan gonaki da gidaje da bayi da kwanonin zinariya suka riƙa kwararowa. An yi aikin alheri da su, babu shakka. Yohanna mai laƙabin Bakin Zinariya, wanda ya yi wa'azi a Antakiya a ƙarshen ƙarni na huɗu, ya ce sunayen gwauraye da 'yan mata da cocin birnin ke ciyarwa sun kai 3,000, ban da 'yan kurkuku da majinyata da matafiya. Basiliyus, bishof ɗin Kaisariyya, ya gina wata unguwa guda a bayan gari wajen shekara ta 370, mai ɗauke da masaukin baƙi da wurin jinya da mazaunin kutare. Har Sarki Yuliyanus, wanda ya bar addinin Kirista ya koma bautar gumaka, ya yi kuka a shekara ta 362 cewa Kirista na ciyar da matalautansu su haɗa da na arna, abin da ke jawo musu mabiya ke nan. Shaidar maƙiyi kuwa ta fi ta masoyi nauyi.

Koyarwar malaman cocin a kan wannan dukiya ba ta da ruɗani. Dukiya ta Allah ce, mai kuɗi wakili ne kawai, kamar bawan da maigida ya bar wa kula da gida ya yi tafiya, zai kuma dawo ya nemi lissafi. Abin da ke cikin baitulmalin coci kuwa haƙƙin matalauta ne, bishof mai ajiya ne. Magana ta yi daɗi. Amma mutumin da ke karɓar kuɗin shi ne mai ajiye su, shi ne mai raba su, shi ne kuma alƙalin duk wanda zai kawo ƙara. In an yi dace da mai tsoron Allah, shi ke nan. In ba a yi dace ba, an ba kura ajiyar nama. Tun a ƙarni na huɗu wani taron bishof-bishof a Antakiya ya yanke cewa dole a bambanta dukiyar bishof ta ƙashin kansa da ta coci, kuma limamai da mataimakansu su san abin da ke na coci, don kada magada su haɗa su kwashe bayan mutuwarsa. Ba a kafa doka a kan cutar da ba ta taɓa kama kowa ba.

Shari'ar da ta fi kusa da labarin Salmanu ita ce ta Hiba, bishof ɗin Ruha, birnin da Rumawa ke kira Edessa, wanda yanzu yake kudancin Turkiyya da sunan Urfa. Wanda ya gabace shi, Rabbula, mutum ne mai tsanani da gudun duniya, ya sayar da kwanonin azurfa na gidan bishof ya ciyar da talakawa, ya kuma gyara wuraren jinya. Da Hiba ya hau a shekara ta 435 bai sami kwanciyar hankali ba. A shekara ta 448 wasu limamansa suka kai ƙararsa, cikin laifuffukan da suka jera har da cewa ya taɓa kuɗin da aka tara don fansar kamammun yaƙi, ya ɓatar da kayan coci masu daraja, yana kuma azurta danginsa. Gaskiya ne cewa a ƙarƙashin wannan ƙara akwai gabar aƙida, domin a lokacin cocin Gabas ya rabu a kan yadda za a fahimci Almasihu, masu ƙarar kuwa abokan hamayyarsa ne. Amma abin lura shi ne yadda aka sasanta. A zaman da aka yi a Bairut da Taya a farkon shekara ta 449, Hiba ya yi alkawarin cewa daga ranar ba zai ƙara juya kuɗin coci shi kaɗai ba, sai ta hannun ma'aji da za a zaɓa daga cikin limamai, kamar yadda ake yi a Antakiya.

Bayan shekara biyu, a 451, babban taron Kalsidon, kusa da Istambul ta yanzu, ya mai da wannan doka ga kowa. Doka ta 26 ta taron ta wajabta wa kowane coci mai bishof ya naɗa ma'aji daga cikin limamansa, dalilin da aka bayar kuwa shi ne kada a riƙa sarrafa dukiyar coci ba tare da shaida ba, har ta watse a jawo wa limanci zagi. A Yamma, Fafaroma Gelasiyus ya ƙarfafa a shekara ta 494 cewa a kasa kuɗin shiga kashi huɗu: na bishof, na limamai, na matalauta, da na gyaran gini. Sarki Yustiniyanus ya hana sayar da ƙasa da gidajen coci a shekara ta 535. Can a Nasibin, a ƙarƙashin mulkin Farisa, dokokin babbar makarantar Kirista ta garin, waɗanda aka tsara a shekara ta 496, sun tanadi ma'aji da ake zaɓa shekara-shekara, ba ya kuma shigar da kuɗi ko fitar da su sai a gaban shaidu. Wanda ya taɓa halartar sujada a wata majami'a a Zariya ko Jos ko Maraɗi ya ga bayan an karɓi baiko, ko zakkar da wasu ke kira ushiri, dattawa biyu ko uku sun keɓe suna ƙirgawa tare, daga bisani a karanta wa jama'a adadin, to jikan wannan dokar ya gani.

A ganina, abin da labarin Salmanu ya nuna shi ne tazarar da ke tsakanin doka da aiki. Ya zauna a Sham ne wajen ƙarshen ƙarni na shida ko farkon na bakwai, watau fiye da shekara ɗari bayan Kalsidon, amma ga bishof ya cika tuluna bakwai ba wanda ya sani sai wani baƙo ɗan hidima. Duk da haka kada mu manta da ɗaya ɓangaren labarin. Jama'ar cocin da kansu suka hana a binne shi. Ba su rufa masa asiri don kare sunan addini ba, domin sun san abin da ya yi cin amana ne bisa ga koyarwar da shi kansa ya yi musu.

Kuma ba a rasa irin bishof na biyu ba. Wajen shekara ta 422, bayan wani yaƙi tsakanin Rum da Farisa, sojojin Rum suna riƙe da kamammun Farisawa kimanin 7,000, yunwa na kashe su. Akakiyus, bishof ɗin Amida, wato Diyarbakir ta yanzu, ya tara limamansa ya nuna musu cewa Ubangiji ba ya ci ba ya sha, don haka ba ya bukatar kwanoni. Aka narkar da kayan zinariya da azurfa na coci, aka fanshi mutanen, aka ciyar da su, aka ba su guzuri suka koma gida. Majusawa ne fa, kuma abokan gaba. An ce Sarki Bahram na Farisa ya yi mamaki har ya nemi ya ga mutumin da ido. A zamanin Salmanu kansa akwai Yohanna Mai Sadaka, shugaban cocin Iskandariyya ta Masar daga wajen shekara ta 610. Da hawansa ya sa aka rubuta sunayen matalautan birnin, aka samu fiye da 7,500, yakan kuma kira su iyayen gijinsa. Lokacin da Farisawa suka ci Ƙudus a shekara ta 614 ya aika kuɗi da hatsi, ya karɓi 'yan gudun hijira. Marubucin tarihinsa ya ce ya tarar da zinariya jibge a baitulmali, amma ranar mutuwarsa abin da ya rage masa bai kai dinari guda ba.

Alƙur'ani mai girma ma ya kawo fuskokin nan biyu. A Suratut Tauba an zargi da yawa daga malaman Yahudu da ruhubanawan Kirista da cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba, an kuma yi gargaɗi mai tsanani ga masu taskace zinariya da azurfa. A Suratul Ma'ida kuwa an yabi limamai da ruhubanawa saboda rashin girman kai. Salmanu ya ga iri biyun a ɗaki guda.

Mu koma ga tafiyarsa. Bishof na biyu da zai rasu ya tura shi wurin wani malami a Mausil, na Mausil ya tura shi Nasibin, na Nasibin ya tura shi Ammuriyya a tsakiyar ƙasar Rum, inda ya yi sana'a har ya mallaki shanu da 'yan tumaki. Malamin Ammuriyya ne ya gaya masa cewa lokacin bayyanar wani Annabi ya gabato a ƙasar Larabawa, zai yi hijira zuwa wani wuri mai dabino tsakanin harra biyu, kuma cikin alamominsa akwai cewa yana cin kyauta amma ba ya cin sadaka. Salmanu ya ba wasu fataken ƙabilar Kalbu dabbobinsa don su kai shi, su kuwa da suka isa Wadil Ƙura suka ci amanarsa suka sayar da shi ga wani Bayahude. Daga baya wani ɗan'uwan mutumin daga Banu Ƙuraiza ya saye shi ya kawo shi Madina. Ya ce yana ganin garin ya gane shi da siffar da aka yi masa.

A shekara ta 622 yana kan bishiyar dabino yana aiki ya ji ana gaya wa ubangidansa cewa wani mutum daga Makka ya sauka a Ƙuba. Da yamma ya ɗauki ɗan abincin da ya tara ya kai wa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce sadaka ce. Annabi ya ce wa sahabbansa su ci, shi bai sa hannu ba. Wani karon ya kawo ya ce kyauta ce, Annabi ya ci tare da su. Ga mutumin da ya fara neman gaskiya a gidan mai tuluna bakwai, ba ƙaramar alama ba ce ya ga shugaban da ke janye hannunsa daga abincin matalauta. Kuma wanda ya ba shi wannan ma'auni malamin Kirista ne.

Bauta ta hana shi halartar Badar a 624 da Uhudu a 625. Sa'an nan Annabi ya umurce shi ya yi yarjejeniyar fansar kai da ubangidansa, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda bawa kan fanshi kansa a ƙasar Hausa ta da. Sharaɗin ya yi nauyi: ya dasa dabino 300 su kama, ya kuma biya uƙiya 40 ta zinariya. Annabi ya ce wa sahabbai su taimaki ɗan'uwansu. Wannan ya kawo dashe talatin, wancan ashirin, wani goma sha biyar, wani goma, kowa gwargwadon ƙarfinsa, har suka cika. Salmanu da abokansa suka haƙa ramuka, Annabi ya riƙa sa dashen da hannunsa, kuma a cewar Salmanu ko ɗaya bai mutu ba. Zinariyar kuwa ta fito ne daga wani curi kamar ƙwan kaza da aka kawo wa Annabi, ya miƙa masa. Har yanzu a unguwar Awali akwai gonar dabino da ake dangantawa da shi, maziyarta kan je su gani.

Yana da 'yancinsa lokacin da rundunar ƙabilu ta nufo Madina a shekara ta 627, shi ne kuma ya ba da shawarar a haƙa gwalalo a arewacin birnin, domin gabas da yamma harra biyun nan sun riga sun tare hanyar dawaki. A zamanin Halifa Umar aka naɗa shi gwamnan Mada'in, tsohuwar fadar sarakunan Farisa a bakin kogin Dijla, ga shi yanzu shi ne mai riƙe da dukiyar jama'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa rabonsa daga baitulmali dirhami 5,000 ne, yakan rabar da shi, ya riƙa saƙa kwanduna da ganyen dabino yana sayarwa yana ci. Ya rasu a can wajen shekara ta 656, garin da kabarinsa yake, kudu da Bagadaza, ana kiransa Salman Pak.